An Ce Kyauta Ne, To Ina Kuɗinmu Ke Tafiya?

A karanta wannan babi a zaman ƙungiya bayan an gama zubi an rufe akwati. Idan lokaci ya ƙure, a raba shi gida biyu, a yi na asibiti yau, na makaranta mako mai zuwa. Sakatariya ta zo da littafin rance na zagayen da ya wuce.

Da farko sakatariya ta buɗe littafin ta karanto dalilin kowane rance, ba tare da ta kama sunan mai shi ba. Ku kuma ku ƙirga. Guda nawa aka karɓa don jari, a sayo gyaɗa a matse, ko akuya, ko shanshera a turara? Guda nawa aka karɓa don yaro ya kwanta asibiti, ko an ce sai an yi wa wata aiki, ko an koro yarinya daga makaranta? A ƙungiyoyi da yawa da muke zagayawa, idan aka gama wannan ƙirga sai wuri ya yi tsit. Rancen jari yana fita ya dawo da riba. Rancen asibiti kuwa ba ya haihuwa, wadda ta karɓa sau da yawa sai ta sayar da abin hannunta kafin ta biya, ranar rabo kuma kowa ta gani a kasonta.

Alhali kullum a rediyo muna jin gwamnati ta ce haihuwa kyauta, maganin yara kyauta, karatu kyauta. Wasu cikinku sun riga sun yanke cewa zancen ’yan siyasa ne kawai. Ba duka ba ne. Akwai abin da doka ta rubuta, akwai kuɗin da ake turowa, wani ma yana zuwa har mazaɓarku. Akwai kuma abin da babu wata doka da ta ɗauke muku shi. Kuɗin akwati na wannan na biyun ne. Asarar da muke yi ita ce mu kwashe shi mu biya abin da an riga an biya mana.

Kuɗin asibitin mazaɓa

A shekarar 2014 aka sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa. Dokar ta kafa wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, ma’aikatan asibiti suna ce masa BHCPF. Ta ce duk shekara a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Yadda dokar ta raba shi, a cikin kowace naira 100, naira 50 ta biyan jinyar mutanen da aka yi wa rajista ce, 45 ta magani da alluran rigakafi da gyaran asibiti da ma’aikata, 5 ta taimakon gaggawa.

Ga inda abin ya shafe ku. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda ɗaya da ke cikin shirin. Wannan asibiti yana da asusunsa na banki, ana tura masa kuɗi kai tsaye duk wata uku, kuma ana sarrafa kuɗin tare da kwamitin ci gaban mazaɓa, wato mutanen gari, ba ma’aikata kaɗai ba. Sannan hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, irin KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna ko JICHMA a Jigawa, tana yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista ta ba su kati. Wadda ke da katin ta je wannan asibiti a duba ta, a yi mata awo, a karɓi haihuwarta, a ba ɗanta maganin zazzaɓi, ba ta biya ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta faɗi waɗanda za a fara sawa gaba: masu juna biyu, yara ’yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da waɗanda ba su da hali.

To me ya sa har yanzu ake miƙo mana takarda a ce mu je kemis? Abu na farko, ba kowane asibiti ne ke cikin shirin ba. Yana yiwuwa sha-ka-tafin da ke ƙauyenku ba ya ciki, na garin da ke gaba shi ne a ciki, ku kuwa ba wanda ya taɓa gaya muku. Na biyu, kuɗin ba ya isa a yi wa kowa rajista, ana ba kowace mazaɓa adadi ne, kuma ranar da masu rajista suka zo, wanda ya ji labari shi ke shiga. Mun sha tarar da garin da rajistar ta cika da iyalan masu ido da kwalli, matan bayan gari ba su ma san an zo ba. Sai kuma jinkirin kuɗi. Idan kuɗin wata uku ya makara, magani ya ƙare a kanta, malamar asibiti ba ta da yadda za ta yi sai ta rubuta a sayo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma naira ta faɗi, kuɗin da a da ke cika kanta da magani yanzu ba ya kaiwa ko’ina. A farkon 2025 Amurka ma ta rage tallafin da take ba harkar lafiya ƙwarai, abin ya taɓa wurare da dama.

Kada mu ɓoye, akwai kuma mai son zuciya da zai karɓi kuɗin abin da aka aiko kyauta. Amma kar ku shiga asibiti da zargi a baki. Yawancinsu mace ɗaya ce ko biyu ke riƙe da asibitin dare da rana, ita ce mai awo, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, wani lokaci da fitilar waya.

’Yan uwanmu na Nijar sun riga mu ganin irin wannan. Can ne ma aka fara irin akwatin da ke gabanku, a yankin Maraɗi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Tun 2006 gwamnatinsu ta ce jinyar yara ’yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Iyaye suka yi ta kai yara, abin ya yi amfani, amma gwamnati ta riƙa makara wajen biyan asibitoci, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar kati ko rajista, na kowa ne a asibitin gwamnati. Alluran rigakafin yara, daga ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15, ba a biyan ko sisi. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya ɗebi yara a Kano da maƙwabtanta a 2023 ya san abin da tsallake su ke jawowa. Maganin da ake bi gida gida ana ba yara ’yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata da damina, don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, shi ma kyauta ne. Na ranar farko a gaban masu rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa, kuma a nan ne ake yawan sakaci, a ajiye a kan kwano a manta. Allurar kare ’yan mata daga kansar bakin mahaifa, wadda aka fara a watan Oktoban 2023 ga ’yan shekara 9 zuwa 14, kyauta ce. Gwajin tarin fuka da maganinsa ma haka. Idan aka ce ku biya ɗaya daga cikin waɗannan, ku tambaya cikin ladabi: “Malama, wannan kuɗin na mene ne? A ba ni rasit don Allah.”

Daren naƙuda

A nan ne akwati ya fi zubewa, a nan ne kuma ake rasa rai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a cikin matan da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya baki ɗaya, fiye da ɗaya cikin huɗu a Nijeriya ne. Babu wadda ke zaune a nan da ba ta san wata ba.

A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ce ke biya, kuma a asibitocin da aka zaɓa ne, ba kowanne ba. Saboda haka tun ciki yana ƙarami, ranar awo, a tambaya: idan abu ya rikice, wane babban asibiti za a tura ni, kuma yana cikin masu aiki kyauta? Dokar 2014 ɗin nan kuma ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, har da tara da ɗauri ta tanada. Ba ta ce ba za a biya daga baya ba. Ta dai ce ba za a bar mace tana zubar da jini a bakin ƙofa ana jiran a kawo kuɗi ba. Wadda kuma doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, ana yin aikin kyauta a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina da ta Ningi a Bauchi. Kada a bar ta a ɗaki shekara da shekaru.

Amma fa doka ba ta zuba mai a mota. Ba ta tashin direba ƙarfe biyun dare, ba ta ba da jini, ba ta ciyar da mai jinya kwana biyar a birni. Kuma ba ta ba da izinin fita idan maigida ya tafi cin rani wayarsa ba ta shiga. Mata da yawa ba a asibiti aka yi musu latti ba, a tsakar gida ne, ana ta shawara har gari ya waye. Wannan shi ne aikin asusun taimakon juna.

Kun san ƙa’idarmu, akwati mai makulli uku ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Naƙuda kuwa ba ta jiran ranar zama. Saboda haka ƙungiya ta amince, a rubuta a cikin dokokinta, cewa za a ware wani abu daga asusun taimako, wanda zai isa shatar mota zuwa babban asibiti, a bar shi a hannun mace ɗaya amintacciya a wajen akwati. Duk zama ta kawo shi a ƙirga a gaban kowa ta mayar. A rubuta lambar direba biyu ko uku a bangon littafi, a kuma yi ciniki da su tun da rana tsaka, domin kuɗin mota da dare ba irin na rana ba ne. A wasu jihohi ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da direbobin sa kai masu ɗaukar mai naƙuda, ku tambaya a tasharku. Duk wadda cikinta ya kai wata bakwai, ta nemi izinin maigida tun yanzu, a gaban uwarsa ko wansa, cewa ko ba ya nan a tafi da ita. A kuma san maza biyu a dangi da za su bi motar saboda jini. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, jijjiga, zubar jini, ko naƙudar da ta wuni ta kwana, babu ɗaya a ciki da ake jira da shi.

Wasu ƙungiyoyi suna tambaya ko su shiga inshorar jiha da kuɗinsu, tunda hukumomin suna karɓar masu sana’ar hannu su biya na shekara. Abu ne mai kyau idan asibitin da za a haɗa ku da shi yana da magani kuma yana kusa. Idan babu magani a kanta, kun biya sau biyu ke nan. Shawararmu, kar ku zuba kuɗin mutum talatin lokaci guda. Ku fara da mutum uku ko huɗu masu yawan zuwa asibiti, ku ga yadda shekara za ta kaya. Kafin ku biya ku tambayi abin da katin ya ƙunsa, abin da bai ƙunsa ba, da ranar da zai fara aiki.

Makaranta

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Ta lissafa abin da ba a biya: littattafai, kayan koyarwa, aji, da kujeru, har da abincin rana. Ta sa hukunci a kan wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan, ta kuma sa a kan iyayen da suka ƙi kai yaro. Kowace jiha tana da tata hukumar, SUBEB, mai kula da wannan.

Na san wasu za su yi dariya da jin kujeru da abincin rana, domin ’ya’yansu a ƙasa suke zama. Ga yadda abin yake. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ta ba hukumar UBEC. Amma babban kason da ake gina azuzuwa da shi, jiha ba ta iya ɗauka sai ta ajiye nata daidai da shi, kamar a ce ba za ki ɗauki adashi ba sai kin yi zubi. Jihohi da yawa sukan yi shekaru ba su ajiye nasu ba, kuɗin yana can kwance a Abuja, rufin aji yana yoyo a ƙauye. Ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 ma an dakatar da ita a farkon 2024. Hedimasta da ba a aiko masa da alli ba sai ya juyo kan iyaye, kuɗin jarrabawa, kuɗin tsintsiya, kuɗin kati.

Ku rarrabe abu biyu. Gudummawar da iyaye suka zauna suka amince da ita a taron iyaye da malamai, don a gyara rijiya ko a ɗauki mai gadi, wannan taimakon kai ne, a ba da rasit, a kuma karanto yadda aka kashe. Amma ba ta zama dalilin koro yaro gida ba. Idan aka koro, kada uwa ta zo ta ci rance a ɓoye cikin kunya. Ta kawo maganar zaman ƙungiya. Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin gudanarwa na al’umma, ana ce masa SBMC, kuma a tsarinsa akwai kujerar mata. A garuruwa da dama an rubuta sunan wata a takarda, ita kanta ba ta san an rubuta ba. Ƙungiyar da ke iya riƙe littafin kuɗi shekara guda ba a rasa naira ɗaya ba, ta fi kowa cancantar wannan kujera.

Yunifom, takalmi, littafin rubutu, biro, kuɗin tara, waɗannan a kanmu suke sai in jiha ta ga dama ta raba. Abin da ya fi su nauyi ma shi ne farantin talla. Uwar da ke soya ƙosai ko awara ba ta fita, ’yarta ce ƙafarta, idan yarinya ta tafi makaranta ciniki ya tsaya. Ba mu zo mu zargi kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ƙungiya tana iya neman dabara. Wasu sun koma sayarwa a ƙofar gida, wasu sun mayar da tallan bayan an tashi, wasu sun haɗa kayan mutum huɗu sun ba wata dattijuwa tana kaiwa kasuwa ana ba ta lada.

Wurin da ’yan mata suka fi zubewa shi ne tsakanin aji shida da ajin farko na ƙaramar sakandare. Firamare tana cikin gari, sakandare tana wani gari, tafiyar awa guda a ƙasa ta cikin gonaki. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, ba wanda zai ce tsoron iyaye ba shi da tushe. Saboda wannan giɓi ne aka kawo shirin AGILE da kuɗin Bankin Duniya. An amince da shi a 2020 da jihohi bakwai, cikinsu akwai Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, a 2023 aka ƙara wasu, har da Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Bauchi da Yobe. Yana gina sakandare kusa da gari, yana gyara banɗaki da ruwa, yana kuma ba iyayen ’yan mata marasa hali tallafin kuɗi muddin yarinya tana zuwa aji. Ba kowace makaranta ce ke ciki ba, shugaban makarantar ne zai gaya muku. Ku kula da kyau: ba a sayen fom ɗin tallafi. Duk wanda ya zo gari ya ce a ba shi kuɗin rajista, ko ya nemi katin cirar kuɗinki da lambar sirri, ɗan damfara ne ko da ya sa riga mai tambari.

Sai maganar lokaci. Sabuwar shekarar karatu tana farawa wajen Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amfanin gona bai shigo hannu ba, zazzaɓi kuma ya kwantar da yara. Shi ya sa rancen makaranta da na asibiti suke karo da juna a wata ɗaya, akwati ya kasa ɗauka. Ku duba ko za ku buɗe zubin makaranta daban, da jakarsa daban a cikin akwati, wanda ba a ba da rance daga cikinsa kuma ba a raba shi sai ana saura sati biyu a koma. A ce mace tana zuba naira 200 duk mako, a mako 40 ta tara naira 8,000. Ba zai yi komai da komai ba, amma yunifom da littafin rubutu sun fita daga littafin rance. Idan kuka haɗa kuka sayo yadi a dunƙule, wata a cikinku mai keke ta ɗinka, kuɗin ɗinkin ma ya tsaya a gida.

Kafin zama na gaba

A zaɓi mata uku, da mai iya rubutu a cikinsu. Kada mace ɗaya ta je ita kaɗai, ba a ɗaukar maganarta da nauyi, kuma idan aka yi mata tsawa sai ta dawo. Su fara biyawa ta wajen mai unguwa ko dagaci, su ce: “Ranka ya daɗe, ƙungiya ce ta aiko mu, muna son mu san abin da ya kamata mu biya da wanda bai kamata ba, don mu daina cin bashi.” In ya haɗa su da ɗan rakiya, ya fi.

A asibiti su zo bayan layin awo ya ragu, ba lokacin da malama ke fama da jama’a ba. Su tambaya ko wannan ne asibitin da ke karɓar kuɗin asusun a mazaɓar, in ba shi ba ne wanne ne, yaushe aka yi rajista ta ƙarshe, yaushe za a sake, da wace takarda ake zuwa, kuma su wane ne ’yan kwamitin mazaɓa, mace nawa ce a ciki. Wadda ba ta da lambar NIN ta fara nema tun yanzu, domin ana yawan tambayarta wajen rajista. A makaranta su tambayi hedimasta sunan matar da ke kwamiti, ranar zamansu na gaba, da yawan ’yan matan da suka gama aji shida bara da yawan waɗanda suka wuce gaba. Sakatariya ta rubuta amsoshin a shafin ƙarshe na littafi, da kwanan wata da sunan muƙamin wanda ya amsa, a karanto wa kowa ranar zama kafin a buɗe akwati.